Dangi za su taru a kan ƙanena mai shan ƙwaya: yaya za a yi zaman ya yi amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aure a wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta, gidanmu kuma ba nisa. Ƙanena mai bi mini, ɗan shekara 25, ya kai shekara uku yana shan ƙwaya. Da aikin gona da ƙwadago ya fara, yanzu har hatsin rumbu yake ɗiba ya sayar, bara kuma akuyar Innarmu ya kai kasuwa. Baffanninmu sun ce Juma'a mai zuwa za a tara dangi a zaure a wanke shi tas, in bai ji ba a kai shi gidan mari. Wasu sun ce aure za a yi masa ya natsu. Ta yaya za a yi wannan zama ya karɓi magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri da kika yi tambaya tun ranar ba ta zo ba. Ni aikina jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma samari irin ƙanenki su ne yawancin waɗanda ake kawo mana daga ƙauyukan Kano da Jigawa. Shawarata ta farko, ki yi duk dabarar da za ki yi a ɗaga zaman nan na Juma'a. Zama da shi ya zama dole, amma ba irin wanda aka shirya ba.

Kin san yadda irinsa yake tafiya. A shimfiɗa tabarmi a zaure, manya su jeru, a aiki yaro ya kira shi. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, yana tonon ƙasa da tsinke. Baffa babba ya buɗe da salati, sai a shiga lissafi: geron rumbu, akuya, daren da aka kwaso shi a bayan firamare, sunan gida da ya zubar. Wani ya ce tun kaka da kakanni ba a taɓa yin ɗan ƙwaya a zuri'ar nan ba. Yara suna leƙe ta jikin zana. Can a ce ya yi magana, ya ce, "Na tuba, in Allah ya yarda ba zan ƙara ba." A shafa fatiha, kowa ya tashi yana jin ya sauke nauyi. Shi kuwa kafin magariba ya isa wurin mai sayarwa, domin baƙin cikin da aka ɗura masa bai san abin da ke kwantar da shi ba sai wannan abin da aka taru a kansa.

Kuma ba lallai ƙarya ya yi ba da ya ce ya tuba. Jikinsa ne ba a yi shawara da shi ba.

Saboda haka kafin komai ku san me yake sha. "Ƙwaya" suna ne da ya haɗiye abubuwa da yawa, kuma kowanne da yadda ake rabuwa da shi. Ki roƙi Inna ta riƙa duba aljihunsa lokacin wanki, da ƙarƙashin katifa, da bayan ɗaki inda yake zubar da shara, ta tara fankon katin da ya ɓare. Kada ta nuna masa, kada ta yi masa gori da su, a ƙulle a leda a ajiye wa likita. Tunda kin ce da ƙwadago ya fara, na fi zaton tiramadol ce, wadda samari ke jefawa a shayi su yini suna huɗa ko ɗibar ruwa a fadama ba su ji gajiya ba. Danginta ɗaya da kodin da mofin. Wadda NAFDAC ta amince da ita mai lamba 50 ce da 100, kuma ko majinyaci likita ba ya wuce masa miligiram 400 a yini. Wadda ke yawo a hannun samari kuwa za ki ga 200 ko 225 ko 250 a jikin katin, ta fasa-ƙwauri ce, kuma wani biyu ko uku yake watsawa lokaci guda. Shi ya sa wasunsu ke yanke jiki su faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya, a gida a ce iska ce.

Wanda jikinsa ya saba da tiramadol, in ya tsaya, cikin yini guda zai fara hamma, hanci na zuba, gumi, ciwon gaɓoɓi da ƙashi, murɗar ciki da gudawa, ga rashin barci da fargaba. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma, amma rashin barci da mutuwar jiki kan ja makonni. Wannan wahala ce mai tsanani, sai dai ba kasafai take kisa ba. In kuwa yana haɗawa da masu sa barci, irin su diyazifam da Rohypnol da suke kira rochi, to nan akwai haɗari na gaske: yanke su rana ɗaya na iya jawo jijjiga da ruɗewa har a rasa rai. A hankali likita ke rage su, cikin makonni. Kin ga ke nan wanda ya ce masa "daga yau ka daina" ya ɗora masa abin da ba zai iya ba, wataƙila ma abin da bai kamata ya yi shi kaɗai ba. Buƙatarku a wurinsa guda ɗaya ce tak: ya yarda a tafi asibiti. Duk zaman a kan wannan za a gina shi.

In Baffa ya kawo maganar zuri'a, a tuna masa cikin ladabi cewa ba a gidanku aka fara ba. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun taɓa miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki masu shan dangin tiramadol da kodin ne. A jihar Kano kaɗai kashi 16 cikin ɗari ne na masu shekara 15 zuwa 64, sama da mutum miliyan ɗaya. Ba don a rage girman laifin nake kawo wannan ba. Gidan da ya ɗauka shi kaɗai ne abin ya sama, ɓoyewa yake yi har sai ta ɓaci.

Irin wannan zama na taron dangi har a Amurka an gwada shi, an kuma auna. Wani limamin coci a Minnesota, Vernon Johnson, shi ya tsara shi a shekarun 1960: dangi su shirya a ɓoye, su tare mutum rana ɗaya, kowa ya faɗa masa abin da ya gani, a ce ya tashi a tafi magani. A 1999 William Miller da Robert Meyers da abokin aikinsu a Jami'ar New Mexico suka raba dangin mashaya giya 130 da suka ƙi magani rukuni-rukuni, kowane rukuni da hanyar da aka koya masa. Waɗanda aka koya wa hanyar Johnson, kashi 30 cikin ɗari ne suka samu nasu ya shiga magani, kuma yawancinsu da ranar ta matso janyewa suka yi, ba su iya tarar mutumin ba. Waɗanda aka koya wa hanyar da ake kira CRAFT, wato 'yan gida su sauya yadda suke mu'amala da shi kullum, su daina rufa wa shan asiri, su riƙa nuna jin daɗi duk sa'ad da yake cikin hayyacinsa, su jira lokacin da zuciyarsa ta yi laushi su miƙa tayin asibiti, kashi 64 suka samu. Abin da na ɗauka daga nan, kuma ya yi daidai da abin da nake gani a wurin aiki, zaman rana ɗaya ƙaramin ɓangare ne. Makonnin da ke gabansa da na bayansa su ne aikin.

Yanzu su wa za su zauna? A nan ne nake ganin mu Hausawa muna da abin da wasu ba su da shi, sai dai mukan yi amfani da shi a juye. Uba da baffanni su ne masu hukunci, ɗa ba ya ɗaga ido a gabansu, balle ya ce, "Baba, in ban sha ba ƙashina kamar ana sara." A gabansu "to" kawai za ku samu, kuma "to" ɗin da aka faɗa don a tashi daga tabarma ba ta kai kowa asibiti. Inna kuma a gaban dangin mijinta alkunya ba za ta bar ta ta yi magana a kan ɗanta ba, sai dai ta koma ɗaki ta yi kuka. Amma akwai waɗanda al'ada ta buɗe musu ƙofa. Kawu, ɗan'uwan uwa, yaro kan faɗa masa abin da ba zai faɗa wa uba ba. Kaka, in tana raye, da wasan jika za ta faɗa masa maganar da in wani ya faɗa sai an yi faɗa. Akwai taubashi, akwai abokin ƙuruciya da bai faɗa harkar ba, akwai ubangidan da ya taɓa yi wa aiki yake jin nauyinsa. Sai ke, yayarsa, da kika goya shi. Cikin waɗannan ku zaɓi uku, in sun yi yawa huɗu. Duk wanda kuka san ba ya iya riƙe harshe in ransa ya ɓaci, ko wanda ke bin sa bashi, ko ɗan uban da ake 'yar tsama da shi, a ba shi haƙuri. Wanda shi ma yana taɓawa, ko da wiwi ce, ba shi da wurin zama.

Ba a tsallake Baba da baffanni, kar ki fahimce ni a haka, in an tsallake su za su rushe shirin. Ke ba za ki iya tarar su ki ce a fasa ba, amma Kawu zai iya, ko liman, ko wani dattijo da Baba ke jin maganarsa. A ce musu a ba da wata guda a gwada ta asibiti, su kuma nasu shi ne izini da kuɗin magani da sa albarka ranar tafiya. Wannan matsayi ne na girma, kuma yawancin dattawa in an ba su shi suna karɓa.

Kafin a ce masa uffan, wani ya taka ya je asibitin da kansa, da ledar fankon nan a hannu. Daga wajenku asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ya fi kusa. Akwai na Dawanau a kan hanyar Katsina, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A tambayo ranar da ake ganin sababbin marasa lafiya, kuɗin kati da na gado, ko ana buƙatar mai jinya ya zauna, da abin da ake zuwa da shi. Ba kowa ake ba gado ba, wani magani za a ba shi ya riƙa zuwa daga gida, likita ne zai yanke. Hukumar NDLEA ma tana da layin neman shawara na kyauta, 0800 1020 3040, da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jiha. A haɗa kuɗin a hannu, a yi magana da mai motar da zai kai ku. Dalilin wannan duka, yardar mai shaye-shaye ba ta kwana. In ya ce "to, mu je" da hantsi, kuka ce sai an sayar da wake ranar kasuwa, kun rasa shi. Kuma ku kula da sunan wurin a bakinku. Da ya ji "asibitin mahaukata" zai miƙe. Ku ce wurin likitan da ke cire wa mutum ƙwaya daga jiki ba tare da ya sha wuya ba, kuma gaskiya kuka faɗa.

Lokacin zama: ba ya cikin maye, ba kuma lokacin da jiki ke tsananin nema ba. Da safe bayan ya karya ya fi, ko washegarin wani abin da ya girgiza shi, kamar faɗuwa ko kamu ko rashin lafiya. A ɗakin Kaka ko gidan Kawu, ba a zaure ba, ba kuma ranar Juma'a da gari ke cike da ido ba. Waɗanda za su zauna su haɗu tun kafin ranar, kowa ya faɗi abin da zai ce, a tace. Kowa abu ɗaya zai kawo, wanda ya gani da idonsa, da yadda ya ji a ransa. Ke misali: "Ranar sunan ɗana ka zo, na ga hannunka na rawa ka kasa riƙe kofi, na shiga ɗaki na yi kuka. Tsoro nake ji kar a aiko mini ka faɗi a gona ba kowa kusa." Kawu ya ce: "Na je asibiti na yi magana da su. Sun ce akwai maganin da ke rage ciwon jikin. Mota na nan, ni zan raka ka, ni zan zauna da kai." Kalmomin ɗan ƙwaya, ɓarawo, ɗan iska, ka kashe uwarka da baƙin ciki, duk a bar su a waje. Maganar akuya ma a bar ta, ya san da ita.

Sannan ku yi shiru ku saurare shi. Wannan ne ke yi wa manya wuya. Zai ce yana iya dainawa da kansa; kar a yi musu, a ce, "Ka gwada a baya, yaya jikin ya yi maka?" Zai ce in bai sha ba ba ya iya aiki, kuma a halin da yake ciki gaskiya ne, a ce an ɗauke masa aikin gonar bana har ya warware. Wani a nan ne za ku ji abin da ba ku taɓa sani ba: bashin mai sayarwa da ke wuyansa, ko yarinyar da aka hana shi, ko baƙin cikin da ya daɗe yana hana shi barci tun kafin ƙwayar. In ya ambaci gajiya da rayuwa ko kashe kansa, kar a ce masa "a'uzubillahi, daina faɗa" a wuce. A kawar da maganin feshi da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai, kar a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai iyakokin da za ku gaya masa, da murya a kwance, ba a matsayin barazana ba. Rumbu zai samu kwaɗo. Ba mai ƙara ba shi kuɗi a hannu. In sabulu yake so a sayo masa sabulu. Ba mai ƙara biyan bashin da ya ci a wurin mai sayarwa. A nan sai kin zauna da Inna ke da ita, domin a gidaje da yawa uwa ce ke kwance bakin zani ta ba shi na ƙuli-ƙulinta a ɓoye don kar ya je ya yi sata a waje a kama shi. Tausayi ne, amma shi ke sayen ƙwayar gobe. Abin da ba za a taɓa ba shi ne tuwonsa da ɗakin kwanansa. Yaron da aka kora daga gida tasha yake komawa ko cikin birni wurin waɗanda suka fi shi nisa, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kada kuma a faɗi iyakar da aka san ba za a iya tsayawa a kanta ba. In aka faɗa aka janye sau ɗaya, ya gane sauran ma magana ce.

Ki roƙi Baba da Inna alfarma guda: kar a yi masa baki. In liman zai sa baki, ya tuna musu hadisin da ke cikin Bukhari na mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, saboda shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Yaron da ya yarda an riga an tsine masa ba ya ganin amfanin wahalar dainawa.

In ya ƙi fa? Sau da yawa a zaman farko ƙi ake yi. A tashi lafiya, a ce masa tayin na nan duk ranar da ya shirya, a tsaya kan iyakokin. Ranar da ya wuni garau a ja shi hira, a zuba masa abinci tare da mutane, a nemi shawararsa kan taki ko iri. Ranar da ya shigo a buge kar a yi faɗa, kar a yi nasiha, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana biyu Kawu ya sake taɓo maganar su biyu a hanyar gona. Inda ba a jiran yardarsa shi ne in ya fara zare ido yana jin muryoyi, yana zargin ana bin sa, ko ya ɗauki makami. Wannan rashin lafiya ce ta gaggawa: a janye mata da yara, a samu maza masu natsuwa su kai shi asibiti, ba duka.

Gidan mari kuwa, ina roƙonku da girman Allah ku bar shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum kusan 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka, bayan 'yan makonni aka sake samun irinsa a Daura. Ko an samu inda ba a azabtarwa, mari ba ya rage diyazifam a hankali, ba ya gane jijjiga, ba ya maganin baƙin ciki. Yaro kan fito da ƙullin da ya fi ƙwayar wuyar cirewa. Addu'a da ruƙiyya da sauka, a yi su, ba sa karo da asibiti. Sharaɗin kawai kar wani ya ce a ajiye maganin likita. Haka kiran 'yan sanda don a "tsorata shi": mallakar waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba laifi ne a doka, in magana ta shiga takarda ba ku ke da ikon tsayar da ita ba.

In Allah ya sa ya tafi, ku sani wankin jiki na mako ɗaya ko biyu somin-taɓi ne. Masana sun daɗe da lura cewa maganin da bai kai wata uku ba amfaninsa kaɗan ne, kuma tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari kan koma sha a wani lokaci, kusan yadda masu hawan jini ke sakin magani ciwon ya dawo. In ya zame, a koma asibiti da wuri, ba a sake tara zaure ba. Abu ɗaya kuma a faɗa masa ƙarara tun kafin sallama: jikin da aka wanke ba ya ɗaukar adadin da ya saba sha a da. In ya koma ya watsa uku kamar yadda yake yi, numfashinsa na iya tsayawa. In kuka same shi ba ya tashi, numfashi sama-sama ko yana minshari mai nauyi, leɓe ya sauya launi, a kwantar da shi a gefe ɗaya a nufi asibiti nan take. Kar a ɗura masa madara ko manja, shaƙe shi za su yi.

Ya kuma dawo ya tarar da abin yi. In ƙwadagon yini ne ya kai shi ga ƙwayar, kar a mayar da shi cikin ayarin da ke jefa ta a shayi. A ba shi 'yar gonarsa ko tumaki biyu na kiwo, kuɗin kuma ya biyo ta hannun Kawu na ɗan lokaci. Ranakun komawa asibiti a rubuta su, a san mai raka shi da inda kuɗin mota zai fito.

Maganar aure a jingine ta. Aure ba ya cire ƙwaya daga jini, sai dai ya ƙara mutum ɗaya, 'yar mutane, cikin wahalar, ga nauyin cefane a kan wanda bai iya riƙe kansa ba tukuna. In ya samu kamar shekara yana tsaye, yana zuwa ganin likita, a yi maganar, kuma a gaya wa iyayen yarinyar gaskiyar abin da ya faru tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.